Daga Alƙalawa zuwa Gatawa: Wa zai riƙe taswirar Gobir?

A 'yan shekarun nan, da wuya a ambaci Sabon Birni da Isa a cikin labarai ba tare da adadin mamata ya biyo baya ba.

A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Disamban 2021 an cinna wa wata mota wuta da fasinjoji a cikinta a kusa da Gidan Bawa. A watan Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi.

Sai dai akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Idan gari ya watse, sanin garin ma watsewa yake yi: inda gidan wane yake, inda gonarsa ta tsaya, wanda ya haƙa rijiya, da zuri'ar da ke da limanci. Wannan yanki kuwa ya taɓa ganin irin haka, domin kufan Alƙalawa a cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni yake.

Birnin da ya koma gona

A tsakiyar ƙarni na 18 ne Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a bakin gulbin Rima, a ƙasar da a da ta Zamfara ce. Tarihin baka ya ce wurin na alƙalin Zamfara ne, kuma daga nan sunan ya samo asali.

A nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, a nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa zuwa fada kafin dangantaka ta yi tsami, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A watan Oktoban 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa.

Birnin bai sake komawa matsayinsa ba. Yawancin filin da ya ɗauki fada da kasuwa da unguwanni a yau gonaki ne.

Abin lura shi ne irin abin da aka adana game da birnin, da irin abin da ya salwanta. Littafin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ya kawo labarin yaƙe-yaƙen. Rauɗatul Afkari na Abdulƙadir ɗan Tafa ya kawo tarihin sarakunan Gobir. Marubutan biyu daga ɓangaren da ya yi nasara suke, kuma hankalinsu na kan sarakuna da fagen fama. Littafin malami ba ya tsayawa lissafa gidajen maƙera da marina, ko ƙofar da fatake ke shigowa da kanwa.

Wannan sanin ya tafi ne a kan mutanen da suka gudu.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi ƙarƙashin Mayaƙi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya gina Sabon Birni. Sunan kansa tuni ne, domin ba a cewa sabo sai da tsoho a zuciya. Isa kuwa sansani ne na daular Sakkwato, kuma gidan sarautarta na zuri'ar Muhammadu Bello ne, amma shi ma sarautar Sarkin Gobir yake riƙe da ita.

Wato Alƙalawa ta rayu a cikin sarautu da jerin kakanni da kirari da zanen fuska, har da sunayen unguwanni irin Gobirawa ta birnin Kano. Iyali kan riƙe sunan kakan da ya fito daga birnin. Riƙe lungun da gidansa yake shi ne mai wuya, domin zuri'a tana tafiya da mutum, ƙasa kuwa ba ta tafiya.

Taswirar baƙi

Taswirorin da aka yi wa yankin ma ba don amfanin mazauna aka yi su ba.

Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Bello ya ba shi taswirar ƙasar, wadda aka buga a Landan a 1826. Taswira ce ta dauloli da koguna da hanyoyi. A 1853 Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a Isa, wadda ya kira Sansanin Isa, sannan ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba tsayawa saboda tsoron harin Gobirawa. Mai karatu zai lura cewa dajin nan dai shi ne ya zama maɓoyar 'yan bindiga a wannan zamani.

Daga nan sai taswirar raba ƙasa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Faransawa suka koka cewa ba a bar masu hanya mai ruwa zuwa Damagaram ba, aka sake zama a 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamun iyaka, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da kufan Alƙalawa suka faɗa hannun Ingila.

Wani abin mamaki shi ne, tafintan tawagar Faransa, Landeroin, ya tattara tarihin Gobir daga bakin dattawa, kuma har yanzu masana na komawa ga abin da ya rubuta. Waɗanda suka raba ƙasar suna cikin waɗanda suka adana labarinta, amma da Faransanci, harshen da jikokin masu ba da labarin na ɓangaren Najeriya ba sa karantawa.

Sai a 1984 Abdullahi Rafi Augi ya kammala bincikensa na digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kan Gobir da yankin Rima daga wajajen 1650 zuwa 1808. Irin wannan aiki yana yiwuwa ne idan mai bincike zai iya shiga ƙauye ya zauna da tsofaffi. A Sabon Birni da Isa, wannan ya zama kasada.

Iyakar gona a kan dattijo

Wani zai ce ana ta kai wa ke ta kaya. Mutanen da ke neman tsira da rai ba tarihi ne a gabansu ba, kuma wannan gaskiya ne.

To amma batun ya wuce sha'awar tarihi. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, wasu kuma zuwa yankin Madawa a jihar Tawa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Wasu sun cika garuruwan Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato. Yaron da aka goya aka tsallaka da shi a 2019 ya isa shiga makaranta bai taɓa ganin gonar ubansa ba.

Dokar mallakar ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da takardar mallaka a karkara, amma manomi kaɗan ne ke da ita. Iyakar gona a nan bishiyar gawo ce, ko layin gamba, ko shuri, da kuma shaidar mai unguwa da maƙwabta. Shekara biyar ba noma ta isa ta shafe gamba, gatari ya ɗauke bishiya. Idan dattijon da ya san rabon gado ya rasu a sansani, ko aka kashe hakimin da ake kai ƙara gabansa, to shaidar ta tafi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne burtali da mashaya. Cinye hanyoyin dabbobi na cikin abubuwan da ake dangantawa da asalin rikicin arewa maso yamma. Fulani makiyaya da dama su ma sun rasa rugagensu, kuma su ne mafi ƙarancin shaida, domin ruga ba ta barin kango. Duk ranar da ƙura ta lafa aka koma gida, kowane ɓangare zai zo da tasa taswirar a ka, kuma ba lallai ne su dace ba.

A ɗaya ɓangaren iyakar akwai abin dubawa. Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, wadda ta samar da kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye, masu rubuta mallakar gona da shata burtali. Tsarin na da rauninsa, kuma bai hana rikici ba, amma aƙalla akwai rijistar da za a buɗe. Maraɗi kanta ta san tashin gari: ambaliyar 1945 ce ta sa aka kwashe birnin daga fadama zuwa tudu.

Kayan aikin ba su da tsada. Hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun da suka gabaci rikicin suna nuna gidaje da gonakin ƙauyukan da aka watsa, kuma ana iya buɗe su a wayar hannu. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne sunan mai gida. Wannan sai an zauna da waɗanda suka gudu, maza da mata, manoma da makiyaya, an nuna masu hoton sun ɗora sunaye a kai.

Cibiyoyin da za su iya jagorantar aikin suna nan: Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi. Kuma ba sai an shiga daji ba, domin masu sanin suna zaune a sansanoni da gidajen 'yan uwa, waɗanda suka fi kowa sani a cikinsu kuwa su ne suka fi kowa tsufa.