A Ɗauki Malamai Mata, A Kuma Riƙe Su

Tun da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, an gina azuzuwa masu yawa a ƙasar Katsina, amma samun malaman da za su zauna a karkara bai zo da sauƙi ba. Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen malamai mata. A ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar sauran karkarar Jihar, magidanci ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa a makaranta idan ta fara girma, muddin ya san akwai malama a ciki, balle a ce 'yar garin ce wadda ya san iyayenta.

Saboda haka ne a 2008 aka fito da shirin ba 'yan matan karkara tallafin karatun malanta, da taimakon UNICEF da Gwamnatin Birtaniya, Katsina na cikin jihohin farko. Sharaɗin shi ne yarinya ta sami takardar NCE, sa'an nan ta koma ƙauyensu ta koyar har shekara 2. Dabara ce mai kyau, domin da ɗan gari akan ci gari.

To, amma horarwa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Wadda ta ƙare Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsinma, ta zauna gida tana jiran takardar ɗaukar aiki, an yi asarar kuɗin da aka kashe mata. Wadda kuwa aka tura nesa da gidan mijinta, ba masauki, ba abin hawa, ba za ta daɗe ba.

Muna kira ga Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jiha da Sakatarorin Ilmi na Ƙananan Hukumomin nan biyu, su ƙidaya makarantun da ba su da malama ko ɗaya, su fara cike gurbinsu da 'yan yankin. A biya albashi kan kari, a yi ƙarin girma bisa ƙa'ida. Kada kuma a manta da 'ya'yan Fulani makiyaya da naƙasassu masu takardar malanta.

Dokar 2022 ta ba malami damar aiki har ya kai shekara 65. Amfaninta ba zai isa ƙauye ba sai an sami malamar da ta yarda ta zauna.