Wai Daular Matsafa Ba Ta Cin Tuwo Ne?

'Yan'uwa marubuta, musamman masu littattafan yaƙi da jarumta, yau da ku nake, kuma ku yi haƙuri, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗauki littafi goma daga cikin irin waɗannan, tara za ka tarar gini ɗaya ne. Akwai wani birni mai suna irin na Larabawa ko Farisawa, akwai wani ƙasurgumin matsafi da ya yi shekara dubu bisa karaga, yana da madubin tsafi da aljanu maƙil. Sai wani saurayi kyakkyawa ya ɓullo da takobi, ya karkashe dakaru dubu ɗari kafin la'asar, ya sare kan matsafin, ya auri gimbiya. Tammat. Mai karatu ya rufe littafi bai san wa ya kafa daular ba, bai san yadda mulki ya faɗa hannun matsafa ba, balle ya ji abin da talakawanta suke ci. Wa ke noma? Wa ke karɓar haraji? In sarki zai iya ƙone rundunar maƙiya da ɗalasimi ɗaya, me yake yi da barade? In kuwa ba ya mutuwa, 'ya'yansa da ƙannensa da suke jiran gado zaman me suke yi a fada shekara dubu?

Kada wani ya ce ai tatsuniya ce. Yaron da ke sauraron littafinka a waya yana saran rake a fadamun Dandamisa ko Kudan ya san mene ne mulki. Ya san mai unguwa da dagaci da hakimi. Ya ji daga bakin kakansa yadda ake ɓoye shanu saboda jangali, da yadda magidanci ke kwana a dawa gudun mai karɓar haraji, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a Jihar Kaduna cikin 1979. Wannan yaro kake son ka gamsar da daular da ba ta da rumbu ko kasuwa? Ko kasuwar Maƙarfi ta fi birnin naka tsari.

Abin takaicin shi ne, ƙasar da matsafa suka mulka ba sai mun je Misira ko Bagadaza nemanta ba. Tarihin Kano, wanda wani malami ya rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, aka kuma sa shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a Zariya, da irin wannan mulki ya buɗe. Barbushe yana zaune bisa Dala, shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, wadda aka kewaye itaciyarta da katanga. Jama'a su kawo baƙaƙen karnuka da kaji da bunsuru, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. Ƙarfinsa duka yana ga cewa shi kaɗai ya san abin da ke bayan katangar.

Sai ga baƙi masu dawaki, zuriyar Bagauda, wanda aka ce ya hau mulki a 999. A littattafanmu da rana ɗaya za a gama da matsafa. A Kano kuwa sai da aka yi fiye da shekara ɗari uku ana kallon hadarin kaji tsakanin fada da masu tsafi: yau kyauta, gobe barazana, jibi yaudara. Tsamiya, wanda ya yi sarauta daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe wurin tsafin. Amma bai share mutanen ba, sai da ya lallashe su suka faɗa masa asirinsu, ya saka wa manyansu da sarautu. Daga baya Wangarawa suka zo zamanin Yaji, fada ta karɓi salla. Ka ce magana ta ƙare? Ina! Ɗansa Kananeji, da Zazzagawa suka kore shi daga Turunku, wajen Sarkin Tsibiri ya koma neman shawara, ya raya abin da aka binne, sannan ya sake ɗaura yaƙi ya ci nasara. Mu mutanen Zazzau labarin bai yi mana daɗi ba, amma ga zuciyar littafi nan: sarki Musulmi da shan kaye ya mayar da shi ƙofar bokan da ubansa ya juya wa baya.

Ga kuma Dirki, wanda sarakunan Kano suka daɗe suna yi wa yanka. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, da aka matsa masa ya ba da shanu, sai ya sa aka fasa shi da gatura, aka tarar Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu. Ba a daɗe ba masu jihadi suka fitar da shi daga birni. Wane marubuci ne a cikinmu ya taɓa ƙago abin da ya kai wannan?

A Gobir kuma akwai Inna, 'yar gidan sarauta, shugabar 'yan bori, mai fadarta da masu yi mata hidima, wadda sarki ba ya raina maganarta. Maraɗi na da Iya. A Lugu, Sarauniya Mangu ta tari sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Da Faransanci fa, mu muna can muna ƙirga kawunan dodanni.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce rubutu a kan Tsumburbura raya shirka ne. To matsafin Misira da ka cika shafi ɗari da shi, liman ne? Wanda ya rubuta Tarihin Kano malami ne, da ya fi ni da kai sanin hukuncin tsafi, bai kuwa ga laifin faɗin yadda aka yi ba. Gaskiyar maganar ita ce birnin nesa ba ya bukatar bincike. Ba wanda zai tare ka a hanya ya ce ka yi kuskuren sunan sarki.

Su ma masana da suka yi wa wannan fanni kuɗin goro da sunan adabin kasuwar Kano suna da nasu kason laifi. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya shiga ƙasashen aljanu, amma ya faro ne daga yaƙin Kwantagora da Turawa, shi ya sa ƙafarsa ke taka ƙasa. Maimakon a nuna wa matasa wannan hanya, sai aka ce duk shirme ne, su kuma suka toshe kunne.

Tolkien na Ingila, kafin ya saki littafinsa a 1954, ya riga ya tsara harsuna da jerin sarakuna da shekarunsu. Duk da haka George Martin na Amurka ya yi masa ƙorafin cewa bai faɗi yadda sarkinsa ke karɓar haraji ba. Shi ke nan wanda ya ƙago komai daga kansa. Mu kuwa jerin sarakunan na nan a rubuce, Dala na tsaye a Kano, Kufena da Turunku ba su fi tafiyar yini daga Ikara ba.