Ɗaura Talabijin a Motar da Ke Bin Hanyar Burji

Zancen wannan mako na masu ɗaura talabijin ne cikin a-kori-kura da tirela, su shiga ƙauyukan Karaye da Rogo don nuna wa'azi, ko ƙwallo, ko gargaɗin rigakafi.

Abin ba sabo ba ne. A 1939 aka kafa ofishin finafinan ƙasashen mulkin Ingila, William Sellers ya shugabance shi, wanda dā ma'aikacin lafiya ne a Ikko. Motocin majigi suka riƙa zagaya ƙasar Arewa da injin hoto da injin wuta da lasifika da mai fassara, a kafa farin allo a ƙofar gidan hakimi bayan magariba. Dattawa har yau suna tuna Baban Larai. Tun kafin a buɗe talabijin a Ibadan a 1959, da Kaduna a 1962, majigi ya riga ya san gargada. Abin lura kuwa, ba a tafiya da allon majigi a tsaye. Sai an isa a kafa shi.

To, mu yanzu sai mu rataye talabijin a kan hannun ƙarfe mai lanƙwasa, irin na ɗakin zama, mu kama hanya. Wannan hannu an yi shi ne don bangon da ba ya motsi. Akwatin inci 32 bai fi kilo biyar ko shida ba, amma in mota ta faɗa rami, nauyin nan yakan ninka, kuma iyakar tsawon hannun iyakar ƙarfin da zai finciki sukurorin. Wanda ya taɓa ɓanɓare ƙusa da guduma ya san wannan.

Ga abin da na ga ya kamata. A bayan kowane talabijin na zamani akwai ramuka huɗu, tsakaninsu milimita 100 ko 200 a yawancin masu matsakaicin girma. A kai wa mai walda ya yanko faranti na ƙarfe daidai da ramukan, ya haɗa shi da ƙarfen jikin motar kansa, ba da katakon da aka yi wa rufi ba. Katako yakan saki sukuru tun kafin a je Rogo a dawo. Sukurun da ke shiga bayan akwatin mai kaurin milimita 4 ne ga ramukan 100, mai 6 ga na 200, kuma kada ya yi tsawo, domin in ya zarce sai ya huda kayan ciki. Inda aka ɗaure da noti, a sa washa mai tsini ko noti biyu, domin girgiza ita ce mai kwance noti a hankali ba a sani ba. A yanko robar tsohon tub a sa tsakanin faranti da ƙarfen mota.

Tirela ta fi muni, gama ba ta da taushin da motar fasinja ke da shi, bayanta kuwa shi ya fi tsalle. A ɗaura a ƙasa-ƙasa. In da damina ce kuma za a bi hanyoyin da ruwa ya zaizaye wajen madatsar Challawa, ni dai a ganina gara a sauke akwatin, a naɗe shi da bargo, a tsayar da shi a ɗaure da bel. Kada a kwantar da shi, gilashinsa ba ya jure tafiya a kwance.

Har wa yau, kada a ɗaura shi bisa kan fasinja, ko inda direba zai riƙa satar kallo. Duk ranar kasuwa, kafin a tashi, yaron mota ya bi kowane noti da sifana. Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta, Karaye