Darasin Zaman Tare Ba Na Hadda Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani darasi da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa kowane ɗalibi, ko likita zai zama ko injiniya ko malamin makaranta, watau darasin sanin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu. Manufarsa kyakkyawa ce, ba mu musu. Ƙasar da ke da harsuna fiye da 500, wadda kuma ta sha yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, tilas ne ta koya wa 'ya'yanta yadda za su yi magana da juna har su fahimci juna. Abin da muke kuka da shi shi ne yadda ake koyar da darasin. Ana tara ɗaruruwan ɗalibai a babban zaure, malami ɗaya yana ta fama da lasifika, a jero mana sunayen masarautu da bukukuwa da abinci, mu rubuta, mu haddace, ranar jarrabawa mu zaɓi amsa ɗaya daga cikin huɗu. Wanda ya ci saba'in bisa ɗari sai ya fita yana murna, alhali kuwa ko gaisuwar safe bai iya yi wa abokin ɗakinsa da harshensa ba.

Waɗanda ke zurfafa karatun, kamar ɗaliban aikin jarida da na harkokin kasuwanci, su kuma littattafan ƙetare ake ɗora musu. To, ya kamata mu san inda wannan fanni na hulɗa tsakanin al'adu ya samo asali. Edward Hall, wanda ake ɗauka uban fannin, ya yi aiki ne a makarantar horad da jakadun Amurka a shekarun 1950, kuma damuwarsa ita ce yadda Ba'amurke zai yi mu'amala a ƙasar da ba tasa ba. Geert Hofstede, mutumin Holan, ya gina ma'aunansa na al'adu a kan amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM, ya buga littafinsa a 1980. A cikin lissafinsa an haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo an mai da su yanki guda mai maki guda. Jama'a, ma'aunin da bai bambanta mutumin Kano da na Firitawun ba, ta yaya zai bambanta Babarbare da Bajju, ko Banufe da Ibibiyo? A karanta mutanen nan, lalle suna da abin koyo, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin takaici shi ne kakanninmu sun daɗe da sanin wannan ilmi, ba su dai sa masa suna ba. Fataken goro da suka riƙa tafiya daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sun keta ƙasashen mutane masu harsuna iri iri, kuma ba da takobi suka wuce ba. Suna da fatoma mai saukar baƙi, wanda ya san harshen gari da na baƙo, ya tsaya wa baƙonsa a ciniki da shari'a. Suna da dillali da tafinta. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi littafi a kanta a 1969, a kan irin wannan amana ta cinikin shanu da goro ta ginu. Ga kuma wasan barkwanci, tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Tibi, inda ake faɗa wa mutum magana mai ɗaci cikin raha, kuma al'ada ta hana shi fushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Mu a nan, sau nawa aka ba shi ko da sa'a guda a aji?

Darasin gaskiya kamata ya yi ya taɓo wuraren da ake samun saɓani. Yaron Bahaushe yana sunkuyad da kai gaban babba don kunya da ladabi, sai wanda bai san haka ba ya ɗauka rashin gaskiya ne ko rashin sani. Bahaushe yakan ce "sai na yi shawara" domin yana jin nauyin cewa a'a, ɗan'uwansa na Kudu ya tafi da zaton an yi masa alkawari. Wanda ya shigo ofis ya faɗi buƙatarsa ba tare da doguwar gaisuwa ba, a wurinmu ya yi rashin kunya, a wurinsa kuwa gudun ɓata maka lokaci ya yi. Goron da muke miƙawa a wuce, a ƙasar Ibo ba a fasa shi sai da addu'a da bin girma. Dubi ma sunayen da ake kiran juna da su. Sunan nan da Hausawa suka laƙaba wa Ibo daga kalmominsu na roƙon ruwan sha ya fito, kuma yawancinsu ba sa son sa. Kalmar "aboki", wadda babu kamarta daɗi a Hausa, ta koma ta raini a titunan Legas. Wace jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu ce za ta warware wannan?

Kada wani ya ɗauka maganar nan ta 'yan boko ce masu neman abin faɗa. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa don matasa su zauna cikin al'ummomin da ba nasu ba, amma mako uku na sansani ba zai gyara abin da shekara huɗu ta jami'a ta bari ba. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a harabar kwalejin horad da malamai ya faro, tsakanin ɗalibai, kafin ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibada. A 2011 an kashe wasu masu bautar ƙasa a Jihar Bauchi a tarzomar bayan zaɓe. Ba mu ce darasi kaɗai zai hana irin wannan ba, domin akwai hannun siyasa da talauci a ciki. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jahiltar juna ita ce tsagar.

Za a ce mana Turanci ya isa ya haɗa mu. Turanci yana haɗa takardu a ofis, amma tsohuwar da ta zo asibiti ba da shi za ta faɗa wa sabon likita inda ke mata ciwo ba. Za a ce babu kuɗi. Tun a 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa da Ibo da Yarbanci, ban da nasa. Shekaru sun shuɗe, maganar ta fi yawa a takarda. Wannan rashin niyya ne.

Saboda haka ga buƙatunmu. Na farko, kowane ɗalibi ya koyi harshen Nijeriya guda da ba nasa ba har tsawon shekara, a jarraba shi da baki. Na biyu, a raba manyan azuzuwan nan zuwa ƙananan rukunoni masu gauraye, a tura su kasuwa da asibiti da kotu su ga yadda ake tafinta da ciniki, su kawo rahoto, domin gani ya kori ji. Na uku, malamanmu na sassan harsuna da tarihi su rubuta littattafai da misalan gida. Na huɗu, a raba ɗakunan kwana ta yadda ba za a sami ɗakin 'yan jiha ɗaya zalla ba.

Ku kuma masu jin Hausa, kada yawan masu jin harshenku ya ruɗe ku har ku zauna kuna jiran kowa ya koyi naku. Wanda ya koyi harshenka ya san ka, kai ba ka san shi ba. Muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su kai waɗannan buƙatu gaban Majalisar Dattawan Jami'a a wannan zango. Kafin a ba su amsa kuwa, su buɗe ajin yamma na harsuna, ɗalibi ya koya wa ɗalibi, tunda allo da alli ba su fi ƙarfin asusun ƙungiya ba.