LAHIYA UWAR JIKI: Jinjiri na amai, kada a ɗora wa nonon uwa laifi

Maganar wannan mako ta cikin gida ce, amma da maigida muke, domin shi ne ke shiga kanti ya sayo gwangwanin madara, kuma bakinsa ake jira in an ce a yaye yaro.

Wata malamar lakwal ce ta kawo mana kukanta. Ɗanta ya yi wata 6 ba ya shan komi sai nono, ya yi ɓul-ɓul gwanin sha'awa. Da aka soma ba shi kunun shinkafa, karo na farko da na biyu lahiya lau. A karo na uku, bayan kamar awa 2, sai amai ya ɓalle masa babu ƙaƙƙautawa, jikinsa ya saki, fuska ta koɗe. Aka ruga gidan likita, aka auna jini ba a ga zazzaɓin sauro ba, aka yi masa ƙarin ruwa, kashegari ya tashi garau yana wasa. Bayan mako guda aka sake dama kunun, abin ya dawo sak. Nan take uwar miji ta yanke hukunci: nonon ya ɓaci, a cire yaro daga mama.

To, jama'a, a yi hattara. Akwai wata cuta da lokotoro masu aiki da Faransanci ke kira SEIPA, masu Ingilishi kuma FPIES. Ma'anarta ita ce hanjin jinjiri ya ƙi jinin furotin na wani abinci guda, ya kumbura duk lokacin da abincin ya shiga. Wata likitar yara ta Amurka, Geraldine Powell, ta bayyana alamunta tun cikin shekarun 1970, kuma a 2017 masana na ƙasashe da dama suka haɗu suka fitar da ƙa'idojin gane ta da kula da ita.

Abin da ke ruɗar da iyaye shi ne jinkiri. Amai ba ya zuwa sai bayan awa 1 zuwa 4 da cin abincin, wani lokaci zawo ya biyo baya cikin yinin. Babu ƙuraje, babu kumburin leɓe, babu sarƙewar numfashi, kuma gwajin jini ko na fata da ake yi wa masu borin jini galibi ba ya nuna komi. Saboda haka sai a ce haƙori ne, ko iska, ko baki. Shaidar da ta fi ƙarfi tana hannun uwa: abinci iri ɗaya, amai iri ɗaya, sau biyu ko fiye, sa'an nan yaro ya warware da zarar an daina ba shi.

Abincin da aka fi kamawa da laifi su ne madarar shanu, waken suya, shinkafa da alkamar Turawa da ake kira ot. Ƙwai da kifi ma suna ciki. Ku lura, madarar gwangwani ta jarirai daga nonon shanu ake yin mafi yawanta, haka ma garin kunun jarirai na kanti sau da yawa da madara a ciki. Nonon da ake dama fura da shi, kindirmo da awara duk suna cikin lissafi. Nonon akuya ko na tunkiya kuwa ba mafita ba ne, domin furotin ɗinsu ɗan'uwan na saniya ne.

Nonon uwa fa? Nan ne gizo ke saƙa. Da wuya ƙwarai jinjirin da nono kaɗai yake sha ya kamu da wannan amai. Ciwon yana bayyana ne ranar da aka sa masa abincin a baki kai tsaye. Don haka ƙa'idar 2017 ta ce: muddin yaro yana shan nono lahiya, yana ƙara nauyi a ma'auni, uwa ba ta bukatar barin cin komi. Ta ci shinkafarta, ta sha furarta. Sai fa in lokotoro ya ga yaron na fama da zawo ko rama alhali nono kaɗai yake sha, sa'an nan ya umarce ta ta bar abinci guda, a ga abin da zai biyo baya. Yaye irin wannan yaro jefa shi ne daga ruwa zuwa wuta, musamman ma da yake tsadar madarar musamman da ake ba masu wannan lalura na iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci.

Ga ma'aikatan gomnati da na kamfani akwai wani tarko. Hutun haihuwa mako 14 ne, uwa za ta koma aiki yaro bai kai wata 6 ba, sai a ruga ga bibiro. Ya fi alheri ta tatse nononta cikin kofi mai tsabta da murfi, a ba shi da cokali kafin ta dawo.

In wata 6 sun cika, kada tsoro ya sa a hana yaro abinci, domin yana bukatar abin da zai ƙara masa jini. A soma da abu ɗaya tak, rabin cokali, da safe, don a samu yini ana lura. A ci gaba da shi kwana 4 ana ƙarawa kafin a kawo wani. Abin farin ciki, cikin abincin da masana suka lissafa a matsayin masu ƙarancin haɗari akwai waɗanda ke kasuwarmu kullum: gero, naman rago, kabewa da kankana. Kunun gero zalla, ba madara, ba garin shinkafa, mafari ne mai kyau. A samu ɗan kaye a riƙa rubuta abin da ya ci, da ƙarfe nawa, da abin da ya faru. Ɗan kasuwa ya san amfanin rubutu. A kuma gaya wa kaka, ƴar raino da maƙwabta abin da aka hana, domin loma guda ta ƙauna tana iya kai yaro gadon likita.

In amai ya zo sau 1 ko 2 kuma yaro na da kuzari, a ba shi nono kaɗan-kaɗan. In ya wuce haka, ko ya langaɓe, ko ya koɗe, a tahi gidan likita ba tare da jiran gari ya waye ba, domin ruwan jikinsa na iya ƙarewa cikin ƴan awoyi. Kuma kowane amai sai an auna, tunda zazzaɓin sauro da ciwon ciki sun fi wannan cuta yawa nesa ba kusa ba.

Yawancin yara suna rabuwa da ita tsakanin shekara 3 zuwa 5. Amma sake gwada abincin aikin lokotoro ne a gidan likita, yawanci bayan wata 12 zuwa 18 da amai na ƙarshe; kada a gwada a tsakar gida.

Malamar nan dai maigidanta ya tsaya mata, ba a yaye yaron ba. An ajiye shinkafa, an koma gero. Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.