Ba Kowace Raguwa Ce "Decrease" Ba

Makon jiya sufabaiza ya dawo min da babi na huɗu na furojet ɗina, ya zagaye jimla ɗaya da jan biro. Ina bayani ne kan yadda ruwan rijiyoyi ke yin ƙasa idan rani ya tsananta, sai na rubuta wai ruwan ya yi "fade". A gefen takardar ya rubuta: "Atamfa ce?" Na ji haushi, amma da gaskiyarsa. "Fade" na launi ne, da haske, da sauti. Da na gaji da maimaita "decrease" ne na buɗe ƙamus a waya na kamo ta kusa da ita.

Abin da ke ba ni takaici shi ne a Hausa ba ma yin wannan kwaɓar. Ko ɗan firamare ya san zane koɗewa yake yi, fitila ta dushe, ciwo ya lafa, ambaliya ta janye, tafki ya ƙafe. Wa zai ce ciwon kansa ya koɗe? Amma da mun shiga Turanci sai mu zuba su duka a buhu ɗaya, domin a darasin Turanci jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya aka ba mu mu haddace, ba a faɗa mana wacce ke tafiya da me ba.

Shawarata, mu riƙa haɗa kowacce da 'yar'uwarta ta Hausa. "Subside" da "abate" lafawa ce, ta zazzaɓi ko guguwa. "Recede" janyewa ce. "Wane" ta wata ce bayan ya cika, ana kuma amfani da ita ga farin jini. "Taper off" likita ke yi idan yana rage ma magani kaɗan-kaɗan. "Dwindle" kuwa, leƙa garin kwakinka a ƙarshen simesta za ka gane. Ita "peter out" ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ya ga yadda alkawuran kamfen ke farawa da ganga su ƙare tsit ya san ta.

Wani zai ce ai an fahimta, mene ne na wahalar da kai? To, duba Tafkin Cadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Idan ka rubuta ya yi "shrink" ka faɗi daidai. Idan ka ce ya yi "vanish" ka yi ƙarya, don tafkin na nan, kogin Shari na zuba masa ruwa, yana cika yana janyewa duk shekara, masunta na kamun kifi a ciki. Ranar difens, malamin da ya zo daga waje a kan irin wannan kalma ɗaya zai tsare ka a gaban kowa.

Ni dai na goge "fade" na sa "dropped". Saura babi na biyar.