Zancen Gida: Dankalin Turawa a Tukunyar Faransawa

A watan nan zan ajiye zancen makaranta da tarbiyyar yara, mu leƙa ɗakin girki. Na san waɗansu maza za su ce, "Me ya kai Malam bakin murhu?" To, ƙarshen wata ne ya kai ni.

A gidanmu mutum takwas ne ke cin tukunya ɗaya. Albashin malamin makaranta kuwa kun san shi: daga ashirin ga wata, nama sai ɗan abin da zai ba miya ƙamshi. Amma a nan ƙasar Filato, idan aka shiga haƙar dankalin damina wajen Yuli da Agusta, dankalin Turawa yakan yi araha ƙwarai a kasuwannin Bokkos da Mangu da Barkin Ladi. Sai mu saya da yawa, sa'an nan mu rasa yadda za mu yi da shi. Hanya uku kaɗai muka sani: a soya da ƙwai, a yi fate, ko a dafa a zuba miya. Kafin mako biyu yara sun fara ture kwano, sauran dankalin kuma yana tsiro a lungu.

Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi shekaru yana aikin kuku a gidajen Faransawa a Yamai. Wata rana da yamma na kai masa kukana. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai Bafaranshe ba ya zubar da ragowar nama. Dankali yake sa wa ya rufe shi, ɗan kaɗan ya ishi gida duka." Ya bayyana mini yadda ake yi. Na ce, "Baba, na gane." Ashe ban gane ba.

Ranar Asabar na ce wa uwargida ta huta, yau ni ne da girki. A makon nan kuwa surukata ta zo mana kwana biyu. Dattijon ya ce a dafa dankali a murje shi ya yi laushi. Ni kuma na ga ai mu ne gwanayen sakwara, sai na zuba dafaffen dankali a turmi, na sa ɗana babba ya kirɓa shi sosai. Abin da ya fito, in ka ɗaga muciya sai ya biyo ta. Uwargida ta duba ta ce, "Malam, wannan abinci ne ko kuwa abin liƙa takardun makaranta?" Kwanon da aka kai wa surukata ɗaki ya komo kusan yadda ya tafi, da saƙo cewa a gaishe ni da aiki. Dankali kilo biyu da ragowar naman da muke taƙama da shi suka tafi a banza, muka kwana da gari da ƙuli.

Da na koma wurin dattijon, sai ya ce laifin turmi ne. Daga baya na bincika na ga dalilin. Cikin dankali akwai 'yan ɗakuna ƙanana ƙwarai, kamar na saƙar zuma, kowanne cike da sitaci, irin wanda ake sa wa tufafi kafin guga. In an dafa, sitacin yakan sha ruwa ya kumbura a cikin ɗakunan. Idan aka murje a hankali, ɗakunan sukan rabu da juna ba su fashe ba, sai abincin ya yi laushi marar nauyi. Idan kuwa aka kirɓa, ko aka sa a injin markaɗe, sai su farfashe, sitacin ya fito ya zama danƙo. A doya danƙon nan muke nema. A dankalin Turawa shi ne ɓarna. Da na fahimci wannan, sai na ga yawancin girkin dankali na Faransawa a kan abu ɗaya yake tsaye, watau sanin lokacin da za a lallaɓa sitacin, da lokacin da za a bar shi ya yi aiki, da lokacin da za a wanke shi.

Kafin mu shiga girkin, bari in faɗa muku yadda dankali ya shiga tukunyarsu, gama labarin ya yi kama da namu. Asalin dankalin nan ba na Turawa ba ne. A duwatsun Andis na Amurka ta Kudu aka fara nomansa, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya na yanzu, Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Faransawa suka daɗe suna ƙyamarsa. Suna ba aladu, suna cewa yana kawo kuturta. Sai wani mai haɗa magunguna na soja, Antuwan Parmantiye, wanda aka haifa a 1737, ya faɗa hannun sojojin Furusiya a Yaƙin Shekara Bakwai, wanda aka yi daga 1756 zuwa 1763. A kurkuku dankali aka riƙa ba shi, ya ga bai mutu ba, bai kuwa kuturce ba. Da ya koma gida sai ya ba da sauran ransa ga koya wa mutanensa cin dankali, domin a lokacin in alkama ta ƙi, yunwa takan kashe talakawa. A 1772 malaman likitanci na birnin Faris suka yarda cewa dankali abincin mutum ne. Ana ba da labari cewa ya shuka gona a bakin birnin, aka sa sojoji suna gadinta da rana, da dare kuwa su tafi, domin mutane su ɗauka abu ne mai daraja su zo su sata. Ya rasu a 1813. Har yau akwai tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Faris mai sunansa, masu ziyara kuma sukan ajiye dankali a kan kabarinsa.

Kun ga ke nan, tun asali abincin tsare gida daga yunwa ne. Ga hanyoyin da muka gwada a gidanmu suka karɓe mu.

Na fari shi ne murjajjen dankali, wanda na ɓata a turmi. A sami dankali kilo 1, watau matsakaita kamar takwas ko goma. A wanke, kada a fere. A sa a ruwan sanyi da gishiri, sa'an nan a ɗora a wuta, domin ciki da waje su nuna tare. Bayan minti 25 zuwa 30, in wuƙa ta shiga ba gardama, a tsane ruwan, a ɓare bawon tun da zafinsa. A murje da cokali mai yatsu, ko a tura shi ta rariya da bayan ludayi. A mai da shi tukunya a kan wuta kaɗan, ana juyawa minti 3, domin sauran ruwan ya fita. Sa'an nan a sa man shanu cokali 3, a bi da madara mai zafi kamar kofi ɗaya, kaɗan kaɗan, ana gauraya a hankali. Da ya haɗu a tsaya. Wani shahararren kuku na Faransa, Jowel Robushon, wanda ya rasu a 2018, ya yi suna a duniya da wannan abinci, yana sa bota giram 250 a kilo ɗaya na dankali. Wannan ya fi ƙarfin aljihun malami, cokali ukun nan ma ya isa.

Na biyu shi ne wanda dattijon ya fara faɗa mini, Faransawa kuwa sun sa masa sunan Parmantiye. A gidanmu yara suna kiransa ɓoyayyen nama. A ɗauki ragowar dafaffen nama, ko na miyar jiya ne, ko da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. A yayyanka shi ƙanana ƙwarai. A soya albasa manya biyu a ɗan mai har su yi laushi, a sa tafarnuwa, da tumatir ɗaya ko biyu, da naman, da romo rabin kofi. Mu mukan ƙara attaruhu ɗaya, gama bakinmu ba na Faransawa ba ne. A bar shi ya yi kauri, kada ya zama miya mai ruwa. A shimfiɗa shi a gindin kwanon gashi ko tukunya mai faɗi, a rufe shi da murjajjen dankali, kaurinsa ya ninka na naman. A ja layi a sama da cokali mai yatsu, a ɗiga ɗan mai, a gasa minti 20 zuwa 25 har saman ya yi ja. Amfaninsa shi ne kowane cokali da aka ɗiba yana da nama a ƙasa. Ba a ƙirga tsoka, ba kuwa yaron da zai leƙa kwanon ɗan'uwansa ya ce an fi shi.

Na san uwargida za ta ce, "Malam, ba mu da obin." Mu ma ba mu da shi. Matan ƙauyukan Faransa na dā su ma ba su da shi, shi ya sa abinci na uku ake kiransa dankalin mai burodi: sukan haɗa shi a gida su kai wa mai gashin burodi, ya sa musu a tandarsa bayan ya kwashe burodi, sauran zafin ya dafa shi. Mu kuwa ga dabararmu. A sami babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu biyu a ciki, a ɗora a kan gawayi ta yi zafi. A sa kwanon abincin a kan yashin, a rufe tukunyar, a zuba garwashi a kan murfin. Na sama ya fi na ƙasa yawa, in ba haka ba gindin zai ƙone saman bai yi ja ba. Mai obin kuwa ya sa shi a digiri 180.

Dankalin mai burodi ba ya bukatar nama ko madara. A fere dankali kilo 1, a yanka shi fale-fale, kaurin kwabo biyu in an haɗa. A nan kada a wanke shi bayan an yanka, gama sitacin da ke jikinsa ne zai sa romon ya yi kauri. A soya albasa biyu sama-sama. A jera dankali, a bi da albasa, a barbaɗa gishiri da masoro, a sake jera dankali, har su ƙare, dankali ne a sama. A zuba romo mai zafi, na kaza ko na ƙashi, kamar kofi 2, ya zo daidai da layin sama amma kada ya nutsar da shi. A ɗiga man shanu, a gasa kamar awa ɗaya. Ƙasan zai shanye romo, saman ya yi ƙamas-ƙamas. In rana ce ta biki, a goga tafarnuwa a jikin kwanon, a bar albasa, a sa madara a maimakon romo. Wannan shi ne irin na mutanen yankin Dofine, a kudu maso gabashin Faransa.

Saura soyayye, wanda Faransawa da mutanen Beljiyam suke gardama a kan wa ya fara shi. A nan ne ake wanke sitacin. A yanka dankali tsaye kamar kaurin ƙaramin yatsa, a wanke har ruwan ya daina fari, a tsane, a goge da tsumma mai tsabta ya bushe sarai. Sau biyu ake soya shi. Na fari a mai marar zafi ƙwarai, wajen digiri 150, minti 6 zuwa 8, ya nuna amma bai canja launi ba. A kwashe ya huce. Sa'an nan a ƙara wuta, a mai da shi minti 2 ko 3 har ya yi ja. Gishiri sai bayan an kwashe. Kada mai ya wuce rabin kasko, a kuma kori yara daga wurin. In mai ya kama wuta a rufe da murfi, kada a kuskura a zuba ruwa.

Gargaɗi ɗaya kafin in rufe. Dankalin da ya sha haske yakan yi kore, wurin koren nan da wurin tsiro suna tara wani dafi mai sa ciwon ciki da amai, dahuwa kuwa ba ta kashe shi. A yanke koren da tsiron a zubar. In koren ya yi yawa, ko dankalin yana da ɗaci, a zubar da shi duka. A ajiye dankali a wuri mai duhu da iska, cikin kwando, ba cikin leda ba.

Da surukata ta sake zuwa a lokacin Kirsimati, ɓoyayyen nama aka kai mata. Uwargida ce ta dafa, ni aikina hura gawayi. Kwanon ya komo ba kome a ciki, da tambaya ko akwai saura.

Wadda ta gwada, ta rubuto mana ta hannun Edita ta faɗi yadda ta ƙare, ko da a turmi ta ƙare kamar ni. Sai mun sadu a wata mai zuwa. Ku huta lafiya.